Shimfiɗar Takalmin Babana

Babana mai aski ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa a tsaye daidai ba. Ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama gajarta. Yana saurayi ya faɗo daga kan babur, ƙashi ya karye a ƙasan gwiwa, aka ɗora masa a gida, ya haɗe yadda ya ga dama. Tun daga nan yake tafiya a ɗan karkace, kamar teburin da ƙafarsa ɗaya ba ta kai ƙasa ba. Maganin da ya yi wa kansa ma irin na teburin ne, wato kwali. Kullum da safe zai yago bakin kwalin sabulu ya ninka, ya cusa a takalmin hagu, ya kama hanya. Kafin ya dawo gumi ya mayar da kwalin dusa, ni ce kuma mai kakkaɓe shi a bayan ɗaki ina toshe hanci.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai cajin waya da mai sayar da man inji. Kujera ɗaya ce mai juyawa, fatarta ta yage ya manne da salatif, sai madubi mai tsaga a kusurwa da bencin masu jira. Amma fa wajen tsafta ba a haɗa shi da kowa. Ba ya sa reza ɗaya a kan mutum biyu ko da uba da ɗansa ne, a gabanka zai ɓare sabuwa, a gabanka zai karya ta in ya gama. Kilifarsa kuwa sai ya goge bakinta da sifirit ya kunna mata wuta kafin ta taɓa wani kan. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da har yau yake ba ni haushi in na tuna yadda aka ƙare.

A layin ba wanda ke kiransa da sunansa, Ba-Komai suke ce masa. In ka ari tsaninsa ka dawo da shi a karye, ba komai. In ka zo aski ka ce aljihu a bushe yake, ba komai. Mahaifiyarmu kafin ta rasu takan ce ranar da wani zai zo aron hancinsa, cirewa zai yi ya miƙa, ya ce ai yana da baki. Mu muna dariya, ita ba ta yi.

Halin ba daga sama ya faɗo ba. Danginmu mutane ne da ba su yarda akwai abin da yake na mutum ɗaya ba. Tabarau ɗin kakarmu ya zauna a hancin kusan kowane tsoho a gidan, mai gani nesa da mai gani kusa. Ragowar ƙwayar magani ba ta taɓa shiga bola, tana nan a gwangwanin madara tana jiran wanda zai ce wash. Shugaban wannan ɗabi'a shi ne yayan babana, wanda muke kira Baba Babba, ƙaton mutum mai faffaɗar ƙafa da babbar murya. Shi ya riƙe Baba bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon aski, shi ya saya masa almakashin farko. Almakashin nan tuni ya yi tsatsa ya shiga shara, amma labarinsa bai taɓa dusashewa ba, a kowane taron dangi sai an wasa mana shi. Baba yana da jikoki, amma in yayansa ya shigo shago sai ya miƙe ya ba shi kujerar aski, shi ya tsaya.

Tsayuwar ce ta zo ta gagara. Shekaru suka tura, gwiwar dama da ta daɗe tana ɗaukar nauyin 'yar'uwarta ta fara kumburi, ƙugu ya riƙe, ga ciwon suga ya shigo ya zauna. Sai ya zama yana aski yana jingina ciki da bayan kujera, in ya gama kai ɗaya ya zube a benci yana haki. Wata rana ya ce mini wai an samu sauƙi, tafin ƙafarsa ya daina ciwo gaba ɗaya, ko ƙusa ya taka ba ya ji. Shi murna yake. Ni ce babbar 'yarsa, ina aure can bayan kasuwa, ina ɗinki, kuma ko ni da ban san asibiti ba na san ƙafar da ba ta jin ƙusa ba sauƙi ta samu ba. Na ce ya zauna a gida ya huta, ya dube ni kamar na zage shi. Tun rasuwar mahaifiyarmu, bayan kujerar nan ne kaɗai inda yake jin shi mutum ne. Ya ce ranar da ya daina tsayawa a wurin, a fara yi masa addu'a kawai.

Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya duba ya tura mu wani ɗaki a can ƙarshen baranda, inda ake haɗa wa mutane takalma da ƙafafun roba. Wata ma'aikaciya ce a wurin, siririya mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta sa ya kwanta ta auna ƙafafun biyu da tef, ta juya tafin hagun ta nuna mini wani kanta mai kauri a ƙasan babban yatsa, inda ƙashi ke dukan ƙasa duk takun da ya yi. Ta ce nan ne abin tsoro. In wurin ya fashe, suga ba zai bari ya warke ba, shi kuma ba zai ji ba sai abin ya yi nisa. Sannan ta sa ya taka cikin wani akwati mai laushi, sawunsa ya fito sarai har da tsagar dunduniya.

Da muka koma karɓa, ta fito da shimfiɗu biyu na sawa a cikin takalmi, ruwan toka, masu laushi daga sama da tauri daga ƙasa. Ta dama siririya ce. Ta hagu kuwa an yi mata dunduniya mai kauri don ta cike gajartar, an tayar da tsakiyarta daidai lanƙwasar tafinsa, sannan a ƙasan babban yatsa an rarake wani ɗan rami, yadda ƙashin nan zai riƙa sauka a iska. Ta ɗora yatsanta a ramin ta ce masa duk aikin saboda shi aka yi. Ta gargaɗe shi kada ta ga ruwan zafi, kada ta je kusa da wuta, in ta sauya kama ko kaɗan ya dawo da ita, kuma ya riƙa duba tafinsa a madubi kowace rana.

"Baba, wannan taka ce kai kaɗai," in ji ta. "Ba a aronta, ba a gadonta."

Ya ce to, ba komai. Ni da na ji yadda ya faɗa, tun a ɗakin ban yarda da shi ba.

Gaskiya abin ya yi aiki. Mutumin da na sani a karkace duk rayuwata sai ga shi ya miƙe, har na ga ashe dogo ne. Kumburin gwiwa ya saɓe, ya koma yin aski daga safe zuwa yamma yana raha. Na taɓa leƙowa na same shi yana zagaya kujera da kilifa a hannu yana ɗan rausaya, na koma gefe na share hawaye don kada ya gani. Matsalar ita ce shagon aski ba wurin ɓoye abu ba ne. Kowa ya zauna sai ya tambaye shi wane magani ya sha, shi kuma sai ya cire takalmi ya nuna.

Maigadin makarantar layin ne ya fara. Ya ce dunduniyarsa na yi masa suka, a ba shi ya ɗan sa kafin a gama masa aski. Aka gama ya miƙe ya rantse ya ji sauƙi, alhali a zaune yake tun da ya sa. Daga nan labari ya bazu cewa akwai magani a jikin robar, gumi ne ke narkar da shi ya shiga jijiya. Direban tanka ya zo, mai faci ya zo, tsohon nan mai sayar da gawayi ya zo da ƙafarsa da ba ta san sabulu ba. Kowa ta hagu yake so, wai ta fi kauri, don haka ta fi ƙarfin magani. Baba yana tsaye a kan kwali yana aski, shimfiɗarsa tana yawo a ƙarƙashin benci daga wannan ƙafa zuwa waccan.

Ranar da na gani da idona na kawo masa abinci ne. Mai faci ya zaro ta daga cikin takalminsa na roba, tana naso, da wani farin gari-gari irin na tsakanin yatsu manne a jikinta, ya miƙa wa direba. Direba ya ɗan kaɗa ta a gwiwarsa ya zura. Warin da ya taso ya haɗu da na man gashi, sai da na fita waje na tofar da yawu. Mutumin da ba ya yarda reza ɗaya ta taɓa kai biyu, shi ne zai karɓi wannan abin da ɗuminsa ya mayar ƙarƙashin ƙafar da aka ce ko ƙwarzane kada ta samu. Na jira suka watse na faɗa masa maganar da ban taɓa faɗa masa ba. Ya saurara yana share gashi, ya ce reza ai ta sana'a ce, amanar mutane ce a hannunsa, wannan kuwa tasa ce, kuma mutum ba ya rowar abin da Allah ya ba shi sauƙi da shi. Duk da haka ya yi mini alkawari zai daina, kuma ya daina ba 'yan benci.

Sai Baba Babba ya ji labari. Ya zo da kansa, ya zauna a kujerar aski ya miƙe ƙafa, ya ce gwiwar hagu ta hana shi zaga dangi, ga shi zumunci a ƙafa yake. Ya ce ya yi mamaki a ce bare sun sha daga tulun gidansu shi yana nan da ƙishi. Bai ma roƙa ba, hannu ya miƙa. Shi kuma ba a benci ya sa ya cire ba, gida ya tafi da ita.

Na gane ne da na ga Baba ya koma karkacewa, ga bakin kwali yana leƙowa daga takalminsa. Da na matsa masa, sai ya ce mini wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ce ladan almakashi ɗaya ne ake ta aski a kansa har furfura? Na ɗauki mayafina na nufi gidan Baba Babba, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na ce asibiti sun ce ba a aro. Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya ce 'yan asibiti haka suke faɗa don kowa ya je ya yi tasa, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ƙara da cewa tun ban zo duniya ba yake kula da ƙafar ubana. Amma dai zuwan nawa ya sosa masa rai, don bai daɗe ba ya mayar da ita, ya kai har shago a gaban mutane.

Abin da ya mayar ɗin ban gan shi ba sai daga baya, kuma matarsa ce ta ba ni labarin da bakinta, tana ganin abin yabo ne. Tudun tsakiyar ya dami faffaɗar ƙafar Baba Babba, sai ya kai wa mai gyaran takalmi na bakin tasha ya fere shi da wuƙa. Suna cikin haka suka ga ramin nan na ƙasan babban yatsa. Su a ganinsu cinyewa ta yi saboda yawan ƙafafun da suka taka ta, kuma abin kunya ne a mayar wa mutum kayansa da rami. Mai gyara ya yanko guntun tayar mota ya cike wurin, ya ɗinke da zaren nan mai kauri na ɗinkin buhu, ya ƙulle daga sama. Matar kuma da ta ji warin, ba na ganin laifinta a nan, ta jefa ta a tafasasshen ruwa ta shanya a gefen murhu har ta ƙandare. Baba Babba ya miƙa wa ƙaninsa yana cewa ga ta nan ya sa an gyara masa, ta fi da.

Baba ya san ba daidai ba ne, a gabansa aka nuna ramin aka ce saboda shi aka yi aikin. Amma mayar da ita asibiti yana nufin mai tabarau za ta tambayi wanda ya yi wannan ɓarna, shi kuma ba zai iya buɗe baki ya ce yayansa ne ba. Ƙin sawa kuma yana nufin Baba Babba zai leƙo ya ga an raina gyaransa. Sai ya zura ta a takalmi ya ɗaure igiya. Da na ce ya nuna mini, ya ce yana da mutum a kujera, ba komai, tana nan lafiya. 'Ya mace ba ta kama ƙafar ubanta ta tuɓe masa takalmi a gaban maza. Ya daina cire safa ko a gida, madubin duba tafin ƙafa kuma ya kife shi a kan taga. Haka ya yi ta tsayuwa wuni bayan wuni a kan ƙullin zare da guntun taya, ƙafar ba ta gaya masa komai.

Wari ne ya tona. Mai cajin waya ya tare ni a ƙofa ya ce in duba shagon Baba, kamar ɓera ya mutu a silin, har masu zuwa aski sun fara tsallakawa gaba. Na shiga na tarar da benci wayam. 'Yan aron shimfiɗa ko ɗaya babu, hancinsu ya fi zuciyarsu aiki. Na duba bayan madubi, na duba ƙarƙashin kujera, sai na lura duk inda Baba ya matsa warin na binsa. Na rufe ƙofar shagon na ce ya zauna. Wannan karon bai yi musu ba, jikinsa da zafi, idonsa ya yi ja.

Safar ta manne da nama, sai da na jiƙa ta da ruwan da yake wanke taje. Ba zan ba ku labarin duk abin da na gani ba. Rami ne a ƙasan babban yatsa wanda babban yatsana zai shige, bakinsa fari, cikinsa baƙi, yatsu biyu sun riga sun sauya launi. Na zaro shimfiɗar daga takalmin, ga ƙullin zaren nan ya jiƙe ya yi kore. Na yi amai a bokitin shara, a kan gashin mutane. Shi kuwa yana kallon tafin nasa a madubin aski kamar ƙafar wani ce.

A asibiti sun yi iya yinsu. Suka fara da yanke yatsun, abin ya haura, suka bi shi. Inda aka tsaya a ƙarshe ƙasan gwiwa ne, kusan daidai wurin tsohuwar karayar. Mai tabarau ta zo gadonsa, na nuna mata shimfiɗar a cikin leda. Ta juya ta sau ɗaya, ta tambaye shi wa ya taɓa ta. Ya ce shi ne. Ta dube shi ta dube ni, ta mayar mini da ledar ta fita. Kunyar marar kunya asara ce, na sha jin ana faɗa, amma ban san ana biyanta da ƙafa ba sai a ɗakin nan.

Bayan an sallame mu dangi suka yi ta zuwa dubiya. Baba yana kwance a ɗakinsa, zane ya rufe shi, gefen hagu ya lotsa daga gwiwa zuwa ƙasa. Baba Babba ya zo da rana tsaka ya cika kujera. Ya yi doguwar nasiha a kan haƙuri da ƙaddara, ya ce suga mugun ciwo ne, ya tuna mana yadda ya yi jinyar wannan ƙafar tun farkon karyewarta. Sannan ya shafa gwiwarsa, ya ɗan yi gyaran murya.

"Abin nan na cikin takalmi," in ji shi, "ni fa ya karɓe ni. Tunda yanzu na hagun ba shi da aiki a wurinka, kada ya lalace a banza."

Na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya ce in ɗauko. Ledar tana bayan ƙofa tare da takalmin hagu, ban jefar ba don na yi niyyar wata rana in ajiye ta a gaban mutumin nan in ga ko zai sunkuyar da kai. Na ɗauko da yatsu biyu na miƙa masa. Ya kwance, ya leƙa, ya yamutsa fuska, ya ce ba damuwa, za a tafasa ta.

"Yaya," in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa, "akwai ƙullin zare a ƙasan babban yatsa. A yanke shi kafin ka sa. Yana cin ƙafa."

Duk tsawon rayuwarsa wannan ce magana mafi nauyi da ya taɓa faɗa wa yayansa. Baba Babba ya ƙulle ledar ya miƙe.

"Ai ni ina jin ƙafata," ya ce, ya yi sallama ya fita.

Na tsaya ina jiran kalmar nan da na saba ji tun ina yarinya, wadda ta zame masa suna. Ba ta zo ba. Can ya juyo ya ce in buɗe taga ɗakin ya sha iska, sannan in je in wanke hannuna da sabulu.